Sifilin Auta da Garkar Baba

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu waɗanda sai an tuna mini nake tunawa da su. Amma yammacin da ƙanwata ta shimfiɗa lissafin hawan jinin mahaifinmu a kan rairayin tsakar gida, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ni malamar lakwal ce, ƙananan yara nake koyarwa a nan Gure, kuma lissafina bai wuce tarawa da ragewa da rabawa ba. Duk da haka, a ranar na fahimci wani abu da ake koyarwa a jami'a, kuma ba a aji na fahimce shi ba.

Mahaifinmu mai garka ne. Garkar tana cikin wani kwari a bayan gari, irin wuraren nan da tudun rairayi ya kewaye, ƙasa kuma ruwa yana kusa, ana haƙa kaɗan sai a tarar da shi. Akwai dabino a ciki da ya gada, akwai kuma wanda ya dasa da hannunsa, ga rogo, ga albasa, ga salati idan lokacinsa ya yi. Tun ina ƙarama na san shi da hawa jaki bayan sallar asuba, ba ma sake ganinsa sai rana ta yi ja. Da muka girma, babban wanmu, wanda muke kira Yaya Babba, ya kafa shago a kasuwa, Allah ya buɗa masa, ya ɗauke wa gidan nauyin ci da sha. Baba bai daina zuwa garka ba. Ba don ya rasa abin sawa a baki yake zuwa ba, can ne kawai ransa yake.

Wata rana da azahar maƙwabcinsa na garka, wani dattijo Babarbare, ya kawo shi gida kwance a amalanke. Ya ce yana cikin jan ruwa sai ya ga ya saki guga ya dafe kai, ya zauna a ƙasa. Muka kwashe shi sai asibiti. Likita ta auna shi ta ce hawan jini ne, tansiyo kamar yadda muke cewa, kuma da alama ya daɗe da shi ba a sani ba. Ta rubuta magani, ta ce a rage gishiri, ta ce in da hali a riƙa auna shi kullum a gida ana rubutawa, don ta ga yadda maganin yake aiki. Yaya Babba ya sayo na'urar awon. Da yake gidan aurena yana kusa, ni aka ɗora wa aikin. Kullum bayan magariba, idan Baba ya huta, sai in ɗaura masa abin a dantse in rubuta abin da ya nuna.

Tun a hanyar dawowa daga asibiti Yaya Babba ya yanke hukunci a ransa: garka ce za ta kashe mana uba. Ba zan ga laifinsa ba. Shi ne ya ciccibi Baba daga amalanke, shi ya ji yadda jikinsa ya saki. Sai dai ɗa ba ya iya cewa ubansa kada ka fita, don haka ya bi ta wasu hanyoyi. Wata rana ya aro jakin wai za a ɗauko kaya, wata rana ya turo abokan Baba su zaunar da shi da hira, wata rana ya ce likita ce ta hana, alhali ba ta faɗi haka ba. Baba kuwa ranar da ya samu sarari sai ya fice. Wani lokaci ya dawo da hantsi, wani lokaci da azahar, wani lokaci kuma, kamar mai ramuwa, sai an kira magariba. Ranakun da aka tsare shi, zama yake yi a zaure a kan tabarma, abinci ma sai Inna ta yi da gaske.

Yaya Babba ne ya ce mini, "Ke da kike rubutu, ki riƙa sa lokacin da ya dawo daga kwari kusa da awon. Ina son ranar da zan nuna masa, ya gani da idonsa."

Na ce to. A raina kuwa ni ina bayan Baba, don ni nake ganin fuskarsa kowane yamma.

Bayan 'yan watanni magana ta yi tsanani, har Yaya Babba ya riƙe jakin bai maido ba. Wani ɗan kasuwa ya nuna yana son garkar, Yaya Babba ya samu ƙannen Baba ya shawo kansu, suka zo suka yi ta ba shi baki. Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Ba na jayayya da 'yan uwana a kan ƙasa. Ga takarda can a hannun yarinyar nan. In ta nuna garka ce take tayar mini da ciwo, ku sayar. In ba ta nuna ba, a maido mini da jakina, kada a sake tayar da zancen." Kowa ya yarda. Matsalar ita ce, da ni da Yaya Babba muka zauna muka duba takardun, kowa abin da yake so ya gani. Shi ya nuna mini ranar da Baba ya wuni a kwari awo ya hau, ni in nuna masa ranar da ya wuni a zaure awo ya hau. Muka rabu ba mu tsayar da komai ba.

Ana cikin haka autarmu ta zo hutu. Tana karatun ƙididdiga a jami'a a Damagaram, kuma a gida mun ɗauka ƙididdiga ƙirga mutane ne kawai. Da na ba ta labari sai ta karɓi takardun, ta buɗe ordinatarta, wato kwamfuta, ta tambaye ni wajen awa nawa ne daga asuba zuwa hantsi, daga asuba zuwa azahar, har ta mai da lokutan dawowar Baba awoyi. Ta jera su gefe guda, awon jini gefe guda. Ranar da bai je ba kuwa, ta sa sifili. Washegari bayan la'asar muka taru a tsakar gida: Baba a tabarmarsa, Yaya Babba a kujera, Inna daga bakin ɗaki, ni da Auta a ƙasa.

Auta ta ce, "Baba, kafin in faɗi abin da na samu, ku bari in yi bayanin abin da na nema. Akwai wata lamba da muke fitarwa, muna ce mata korelasiyo. Aikinta ta faɗa ko abubuwa biyu suna tafiya tare. Idan duk sanda wannan ya ƙaru wancan ma ya ƙaru, kamar nisan tafiya da man da moto ke sha, lambar takan matso kusa da ɗaya. Idan wannan na ƙaruwa wancan na raguwa, kamar tsawon rani da ruwan rijiya, sai ta gangara ƙasan sifili, ita ma iyakarta ɗaya ta can ɓangaren. Sifili kuma yana tsakiya."

Yaya Babba ya ce, "Mun ji karatu. Nawa ya ba ki?"

Ta juyo da ordinatar ta nuna masa. Ta ce, "Sifili, Yaya. Akwai ɗan ɓurɓushi a bayansa, amma bai kai a kula da shi ba."

Ban san sanda na tafa hannu ba. Na ce, "Alhamdu lillahi! Shi ke nan, garka ba ruwanta da ciwon Baba. Gobe a kawo jaki."

Yaya Babba ya ɓata fuska ya ce, "Sifili ai babu ke nan. Na'urarki ba ta gano komai ba, shi ne kike kira sakamako? Mutumin da na ɗauko da hannuna daga amalanke za a ce mini garka ba ta yi masa komai ba?"

Auta yarinya ce mai sanyin magana, ba ta taɓa ɗaga wa waninmu murya ba. Ta dube ni ta dube shi, ta ce, "Ku yi haƙuri, amma duk ku biyun kun ɗora wa sifilin abin da bai faɗa ba. Abu ɗaya kawai ya faɗa: babu miƙaƙƙen layi. Ba za a ce duk yadda Baba ya ƙara daɗewa a garka haka awonsa ke ƙara hawa ba, wannan ita ce maganar Yaya Babba, kuma ba ta tabbata ba. Ba kuma za a ce duk yadda ya ƙara daɗewa haka yake ƙara sauka ba. Iyakar abin da lambar ta sani ke nan."

Na ce, "To ai shi ne na ce babu alaƙa."

Ta ce, "A'a, Yaya. Hanya biyu ake samun sifili. Wani lokaci da gaske babu alaƙar, kamar a ce za a gwada girman takalmin mutum da yawan awakinsa. Wani lokaci kuma alaƙar tana nan da ƙarfinta, amma ba miƙaƙƙiya ba ce: wani ɓangare yana ja sama, wani yana ja ƙasa, sai su cinye juna lambar ta fito sifili. Lambar ba ta iya bambance waɗannan biyun. Sai an zana an duba da ido."

Ta danna wani abu, wasu ɗige-ɗige suka fito a fuskar ordinatar, ta matsa kusa da Baba. Ya ƙanƙance ido ya duba, ya ture ta a hankali. Ya ce, "Ni ba na gani cikin gilashin nan. In abin gaskiya ne, ki zana a ƙasa."

Ta tashi ta share rairayi da tafin hannu har ya yi sumul. Ta ari sandar Baba ta ja layi a kwance, ta ja wani a tsaye daga bakinsa na hagu. Ta ce na kwancen shi ne daɗewa a garka: can hagu ranakun da bai je ba, tsakiya ranakun da ya dawo kafin azahar, dama ranakun da ya wuni. Na tsayen kuma awon jini ne, ƙasa sauƙi, sama hawa. Sai ta rasa abin da za ta yi ɗigon da shi. Inna ta shiga ɗaki ta fito da kwanon ƙwallayen dabino da take tarawa, ta ajiye a gabanta.

Ni nake karantowa, ita tana ajiyewa. In ce ranar kaza bai je ba, awo kaza, sai ta ɗauki ƙwallo ta sa a inda layukan biyu suka nuna. Da fari abin ba shi da kan gado, ƙwallo nan, ƙwallo can. Yaya Babba har ya ciro wayarsa yana dubawa. Kaji suka zo suna son tonawa, Inna ta kore su. Da muka wuce rabi sai na lura muryata ta fara yin ƙasa, saboda ina karatu ina kallon ƙasa, kuma abin da yake fitowa ba shi nake fata ba. Ƙwallayen hagu sun taru a sama. Na tsakiya sun sauko ƙasa. Na dama sun sake haurawa sama. Akwai 'yan kaɗan da suka bauɗe, amma ko yaron ajina zai ga siffar.

Baba ne ya fara magana. Ya sunkuyo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai kwari kika zana. Tudu, gangare, tudu."

Auta ta yi dariya ta ce, "Haka ne, Baba. Daga hagu zuwa tsakiya awon yana sauka, daga tsakiya zuwa dama yana hawa. Lambar ta haɗa saukar da hawan, suka kashe juna, ta ba mu sifili. Da mun tsaya a kanta da mun ce babu komai, alhali ga shi."

Yaya Babba ya taso daga kujera ya tsuguna. Ya nuna tarin dama da yatsa ya ce, "Ga maganata nan. Duk ranar da kuka wuni, Baba, ku dubi inda yake kaiwa."

Baba ya karɓi sandarsa ya nuna tarin hagu. Ya ce, "Na gani. Waɗannan kuma ranakun da ka zaunar da ni ne."

Yaya Babba ya daɗe a tsugune yana kallon ƙwallayen hagu, kamar yana ƙoƙarin tuna kowace rana da dabarar da ya yi a cikinta. Ni ma abin ya shafe ni, don ranakun dama, waɗanda nake murna idan Baba ya kuɓuce ya wuni a inda yake so, ga su nan a sama reras.

Auta ba ta bari mun yi saurin yanke hukunci ba. Ta ce, "Kada kuma mu sake yin gaggawa. Ƙwallayen sun nuna mana siffa, ba su faɗa mana dalili ba. Mai yiwuwa wasu ranakun hagu, Baba ya tashi ba ya jin daɗi ne shi ya sa bai fita ba. In haka ne, ciwon ne ya zaunar da shi, ba zaman ne ya tayar da ciwon ba."

Na tuna cewa ranakun da ya tashi da ciwon kai ko jiri nakan sa 'yar alama a gefe saboda likita. Na karanto su, ta tsince ƙwallayensu ta mayar cikin kwano. Tarin hagu ya ragu, amma waɗanda suka saura suna nan a sama. Ta ce, "To, wannan ya ƙara mana haske, amma har yanzu ni ba likita ba ce, kuma awon mutum ɗaya ne na 'yan watanni. A kai mata ta gani." Ta ɗauki hoton zanen da wayarta kafin kaji su ci nasara.

Da safe muka je asibiti, ni da Yaya Babba da Auta da Baban kansa. Likita ta duba takardun, ta duba hoton, ta yi murmushi ta tambaya wa ya yi aikin nan. Ta yi wa Baba tambayoyi. A nan ne ya faɗa, ba da son ransa ba, cewa ranakun da yake wuni shi yake jan ruwa da kansa cikin rana, kuma sau da yawa maganin yana gida shi yana kwari. Ta ce tafiya da aiki marar nauyi suna da amfani ga mai irin ciwonsa, zama wuri ɗaya cikin ɓacin rai ba ya taimakonsa, wahala cikin zafin rana ma haka. Ta ce ba za ta rantse cewa wannan ne kaɗai dalili ba, amma shawararta ita ce ya riƙa zuwa da safe ya dawo kafin rana ta take, ya bar jan ruwa, kada ya yi wasa da magani, a ci gaba da awo.

A bakin asibitin Yaya Babba ya ce, "Baba, yau da yamma za a maido jakin." Cikin satin ya je ya ba ɗan kasuwar nan haƙuri, ya sayi ƙaramin injin ban ruwa, ya ɗauki wani magidanci da zai riƙa yin aikin ƙarfi. Ba a sayar da garka ba. Ba zan ce Baba ya bi dokar sau da ƙafa ba, musamman lokacin nunar dabino, da sai an je an taho da shi. Amma yawanci kafin a kira azahar yana gida, da ɗan damin salati ko rogo a bayan jaki, yana ba Inna labarin wane dabino ne ya yi kyau bana. Awonsa ya daidaita fiye da da. Ko tsarin ne, ko maganin da ya koma sha kan lokaci, ko duka biyun, Auta ta hana ni cewa na sani. Ya yi shekaru yana zuwa kwarinsa kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma garkar tana hannunmu har yau.

Abin da na koya shi ne, idan aka ce an yi lissafi an samu sifili, ba a ce babu komai tsakanin abubuwan biyu ba. An ce ne kawai ba a samu miƙaƙƙiyar hanya daga wannan zuwa wancan ba, kuma abubuwa da yawa a rayuwa ba miƙe suke ba: ƙarancinsu cuta, yawansu cuta, lafiyar tana tsakani. Tun daga ranar, ko a taron malamai aka ce mini an bincika babu alaƙa, nakan tambaya wace irin alaƙa aka nema, kuma an duba da ido ko lamba kawai aka karanta. Da mun tsaya a kan sifilin nan, ɗayan biyu ne zai faru: ko in rinjaya a bar Baba ya wuni cikin rana yana jan guga, ko Yaya Babba ya rinjaya a zaunar da shi a zaure har ƙarshen ransa. Kowanne aka yi, cutar da shi za mu yi, kuma kowannenmu zai rantse ƙaunarsa ce ta sa shi.